Daskarewar Jini Bayan Korona Mai Sauƙi: Bayaninta da Kalmominta a Hausa, Misali Daga Gombe

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Mayu na shekarar 2023, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta fita daga matsayin annobar gaggawa ta duniya, maganarta ta ja baya a bakunan jama'a da kafofin yaɗa labarai. Sai dai sanarwar ba ta ce ƙwayar cutar ta gushe ba. Tana nan tana kama mutane, kuma galibin waɗanda take kamawa abin bai wuce zazzaɓi da tari da kasala na 'yan kwanaki ba, su miƙe ba tare da sun kwana a asibiti ba. A kan irin waɗannan mutane wannan maƙala za ta yi magana, domin binciken da aka gudanar a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa a makonnin da ke biyo bayan warkewarsu, jininsu ya fi na sauran jama'a saurin daskarewa a cikin jijiya.

Manufar maƙalar biyu ce. Ta farko ita ce a bayyana wannan al'amari da Hausa yadda mai karatu zai fahimci dalilinsa da girmansa da alamominsa. Ta biyu ita ce a duba kalmomin da ake amfani da su wajen isar da bayanin ga jama'a, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da ma'anar da za ta iya karkatar da mai sauraro zuwa ga abin da zai cutar da shi. An ɗauki Gombe a matsayin misali saboda tana cikin jihohin da aka auna yaɗuwar cutar a cikin gidaje, kuma Hausa ce harshen da Fulani da Bolawa da Terawa da Tangale da Waja da sauran mazauna garin ke haɗuwa a kansa a kasuwa da asibiti da gidan rediyo.

2.0 Korona a Gombe

A ƙarshen shekarar 2019 cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da ita a Nijeriya, a birnin Legas, sannan a watan Afrilu aka samu na farko a Gombe. Gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa kwamitin yaƙi da cutar a ƙarƙashin Farfesa Idris Mohammed, aka kuma keɓe wuraren killace masu ita, ciki har da na Kwadon a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba. A farkon watan Mayu na shekarar wasu daga cikin waɗanda aka killace a Kwadon suka fito kan hanyar Gombe zuwa Biu suna zanga-zanga a kan yanayin kulawa da su. Abin da jama'a da dama suka riƙe daga wannan lamari shi ne ganin mutane da ƙarfinsu suna tafiya da ƙafafunsu, alhali an ce suna ɗauke da cuta mai kisa. Wannan ya ƙara wa masu cewa korona mura ce kawai ƙarfin hujja.

Adadin waɗanda aka tabbatar sun kamu a Nijeriya baki ɗaya kimanin 267,000 ne, waɗanda suka rasu kuma 3,155. A Jihar Gombe adadin da aka tabbatar bai kai 4,000 ba. To amma waɗannan alƙaluma na waɗanda aka yi wa gwaji ne kaɗai. A ƙarshen daminar 2020 Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, da abokan aikinta suka bi gida-gida a jihohin Legas da Enugu da Nasarawa da Gombe, suka ɗebi jinin mutum sama da 10,000 don neman alamar da cutar kan bari a jikin wanda ta taɓa kamawa. A Gombe an samu alamar a jinin kimanin kashi 9 cikin 100 na waɗanda aka gwada, a Legas kuwa kimanin kashi 23. Ko da da ƙidayar 2006 aka yi lissafi, wadda ta ba Jihar Gombe mutum kimanin miliyan 2.3, kashi 9 cikin 100 ya haura mutum 200,000. Ke nan tun kafin shekarar farko ta ƙare, waɗanda suka kamu suka warke a gida sun ninka waɗanda hukuma ta sani sau da yawa.

3.0 Yadda Jini Ke Daskarewa a Jijiya

Daskarewar jini a asalinta kariya ce. Idan wuƙa ta yanki mutum, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin jini sukan taru a bakin raunin su manne, sannan wani sinadari mai kama da zare ya saƙe su, jinin ya tsaya. Ba don haka ba, da ƙaramin rauni ya isa ya ƙarar da jinin mutum. Matsala tana aukuwa ne idan wannan aiki ya gudana a cikin jijiya, inda babu raunin da za a toshe, jinin ya yi gudaji kamar yadda kunu kan yi idan bai samu damu ba.

Hanyoyin jini iri biyu ne. Akwai masu ɗauke shi daga zuciya zuwa sassan jiki, waɗanda yake gudu a cikinsu da ƙarfin bugun zuciya. Akwai kuma masu dawo da shi, waɗanda yake tafiya a cikinsu a hankali. Jinin da ke dawowa daga ƙafa hawa yake yi, don haka yana dogara da naman sha-raɓa, wanda duk lokacin da mutum ya taka ko ya motsa ƙafa yake matsa jijiyar ya tura jinin sama. A cikin jijiyar kuma akwai ƙananan marafai da ke hana shi komawa ƙasa. Saboda haka ne jijiyoyin da ke can cikin naman sha-raɓa da cinya suka fi ko'ina saurin samun gudan jini. Idan gudan ya tsaya a wurin, ƙafar takan kumbura ta yi ciwo. Idan kuwa ya ɓalle, jini kan ɗauke shi ya ratsa da shi ta ɓangaren dama na zuciya, ya je ya toshe jijiyar huhu. Wannan toshewa ita ce mai kisa, wani lokaci cikin mintoci.

Daga ayyukan likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, a tsakiyar ƙarni na 19, masana suka tsamo dalilai uku da ke haddasa wannan hali:

(a) jinkirin gudanar jini, kamar a doguwar kwanciya ko dogon zama;
(b) lahani a bangon jijiya ta ciki;
(c) sauyi a cikin jinin kansa, wanda ke sa shi saurin haɗuwa.

3.1 Inda Korona Ta Shigo

Korona tana taɓa dukkan ukun. Ƙwayar cutar da faɗan da garkuwar jiki ke yi da ita suna haddasa kumburi a shimfiɗar da ke lulluɓe da cikin jijiyoyi, wadda santsinta ne ke hana jini mannewa. Wannan kumburi kuma yana sa hanta ta ƙara sinadaran daskarewa, ƙananan ƙwayoyin nan masu mannewa su ƙara kuzari. Daga ƙarshe majiyyaci yakan kwanta kwana da kwanaki ba motsi, zazzaɓi da gumi suna rage masa ruwan jiki, ga rashin sha'awar ci da sha. A gari irin Gombe, inda zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, ƙarancin ruwan jiki ba ƙaramin abu ba ne ga mai zazzaɓi. Abin lura shi ne, waɗannan sauye-sauye ba sa gushewa ranar da zazzaɓi ya sauka. Jini da bangon jijiya suna ɗaukar makonni kafin su koma daidai.

4.0 Abin da Bincike Ya Nuna

Tun a 2020 likitoci suka lura da yawan gudan jini a jikin waɗanda korona ta kwantar a asibiti. Tambayar da ta rage ita ce ta waɗanda suka yi jinya a gida. Manyan bincike uku da aka buga a 2022 sun amsa ta.

Na farko shi ne na Jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin, wanda mujallar BMJ ta buga a watan Afrilu. An bi bayanan mutum sama da miliyan 1 da suka kamu tsakanin Fabrairun 2020 da Mayun 2021, aka kwatanta su da mutum sama da miliyan 4 da ba su kamu ba. An gano cewa haɗarin gudan jini a ƙafa yana nan sama har kimanin wata uku bayan kamuwa, na toshewar jijiyar huhu kuwa har zuwa wata shida. A tsakanin waɗanda cutar ta zo musu da sauƙi, haɗarin gudan jinin ƙafa a kwana 30 na farko ya ninka kimanin sau 3, na huhu kimanin sau 7.

Na biyu ya fito a mujallar Circulation a watan Satumba, ya kuma ƙunshi bayanan manya miliyan 48 a Ingila da Wels. Ya nuna cewa haɗarin ya fi tsanani a makon farko, sannan ya riƙa sauka. Duk da haka, tsakanin mako na 27 da na 49 haɗarin gudan jini a jijiyoyin dawo da jini bai koma daidai ba, yana nan ninki 1.8. Masu binciken sun ƙiyasta cewa kamuwar mutum miliyan 1.4 a 2020 ta haddasa ƙarin larurar toshewar jijiya kimanin 10,500.

Na uku shi ne na Jami'ar Queen Mary ta Landan, wanda mujallar Heart ta buga a watan Oktoba, daga rumbun bayanan lafiya na UK Biobank. An ɗauki mutum 17,871 da suka kamu, waɗanda 14,304 daga cikinsu ba a kwantar da su ba, aka haɗa kowannensu da mutum biyu masu kama da shi a shekaru da jinsi da yanayin lafiya waɗanda ba su kamu ba. Waɗanda ba a kwantar ba, haɗarin gudan jini a gare su ya ninka sau 2.7. Waɗanda korona ta kwantar kuwa ya ninka sama da sau 27. Mafi yawan larurorin sun auku ne a cikin kwana 30 na farko.

4.1 Bambancin Ninki da Adadi

Kalmar ninki tana tsorata mai sauraro fiye da kima idan ba a faɗi abin da aka ninka ba. A binciken Suwidin, daga cikin kowane mutum 10,000 da suka kamu, har da waɗanda aka kwantar, kimanin 4 ne suka samu gudan jini a ƙafa a watan farko, kimanin 17 kuma suka samu toshewar jijiyar huhu. Ga mutum ɗaya ke nan, rinjaye mai yawa yana ga cewa babu abin da zai same shi. Amma ga al'ummar da dubban ɗaruruwa suka kamu a cikinta, ƙaramin kaso yakan zama mutane masu yawa, kowannensu da iyalinsa.

Haka kuma ya kamata a san iyakar waɗannan alƙaluma. Dukkan binciken uku sun shafi lokacin da galibin mutane ba su yi allurar rigakafi ba, kafin ɓullar nau'in Omikron a ƙarshen 2021. Mahalarta binciken Landan kuma mafi yawansu Turawa ne da suka haura shekara 50, alhali al'ummar Gombe matasa sun fi yawa a cikinta. Don haka ba za a ɗauki ninki 2.7 a ɗora wa Gombe kai tsaye ba. Abin da za a ɗauka shi ne tushen maganar, wato cewa jikin ɗan'adam iri ɗaya yake amsa wannan cuta, kuma watan farko bayan kamuwa lokaci ne na sa ido.

4.2 Batun Allurar Rigakafi

Mutane da yawa a arewacin Nijeriya sun fara jin maganar daskarewar jini ne a kan allurar rigakafi, ba a kan cutar ba. A farkon Maris na 2021 Nijeriya ta karɓi kusan allurai miliyan 4 na AstraZeneca, a daidai lokacin da wasu ƙasashen Turai suka fara ba da rahoton wani nau'in gudan jini da ba kasafai ake ganinsa ba bayan yin allurar. Rahoton gaskiya ne, kuma ya faɗo a kan jama'ar da ba ta manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano a 1996 ba. Sai dai binciken Jami'ar Oxford da BMJ ta buga a watan Agusta na 2021, a kan mutum kimanin miliyan 29 da aka yi wa allura, ya nuna cewa haɗarin gudan jini bayan kamuwa da cutar ya fi na bayan allurar nesa ba kusa ba, ya kuma fi shi daɗewa. Wani binciken da Heart ta buga a 2024, a kan mutum sama da miliyan 20 a Birtaniya da Sifen da Estoniya, ya nuna cewa wanda ya yi rigakafi sannan ya kamu, haɗarin gudan jini a watan farko ya ragu masa da kashi 78 cikin 100. Kamfanin AstraZeneca ya janye allurarsa daga kasuwa a 2024.

5.0 Waɗanda Haɗarin Ya Fi Shafa

Korona takan tarar da mutum da nasa dalilan, ta ɗora nata a kai. Waɗanda suka fi buƙatar kulawa su ne masu yawan shekaru, da masu ƙiba, da masu ciwon daji, da waɗanda aka yi wa tiyata ko suka samu karaya ba da daɗewa ba, da duk wanda ya taɓa samun gudan jini. Akwai kuma rukuni uku da suka fi kusa da rayuwarmu.

Na farko su ne mata masu ciki da masu jego. Jikin mace yana ƙara saurin daskarewar jini don ya kare ta daga zubarsa wajen haihuwa, kuma wannan hali ya fi tsanani a makonni shida na bayan haihuwa, waɗanda suka yi daidai da kwana arba'in na jego. Haka nan masu shan ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da sinadarin estirojin.

Na biyu su ne masu amosanin jini, wato sikila. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya suna ɗauke da rabin gadon wannan larura, masu cikakkiyarta kuwa jininsu dama yana da saurin toshe jijiya. Ga su, ciwon ƙirji ko na ƙafa bayan zazzaɓi yakan yi kama da tashin ciwonsu na kullum, don haka yana da sauƙi a yi kuskure.

Na uku su ne matafiya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna cewa zaman sama da awa huɗu a mota ko jirgi ba motsi yana ninka haɗarin kimanin sau biyu. Tafiya daga Gombe zuwa Kano ko Abuja ta wuce wannan iyaka, balle zuwa Legas ko Fatakwal. Ɗan kasuwar da ya tashi daga zazzaɓi ya shiga mota a matse da gwiwoyi a lanƙwashe, ko direban babbar mota, ko maniyyacin da ya tashi daga filin jirgin Lawanti, duk sun haɗa dalilai biyu a lokaci guda.

6.0 Alamomi da Magani

Alamar gudan jini a ƙafa ita ce kumburin ƙafa ɗaya, galibi a sha-raɓa, tare da ciwo da ɗumi da tauri. Littattafan da aka rubuta a Turai sukan ce wurin yana yin ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. Kumburin ƙafa biyu a tare ya fi nuna ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta. Alamomin toshewar jijiyar huhu kuwa su ne haki na farat ɗaya, da sukar ƙirji idan an ja numfashi, da saurin bugun zuciya, da tari da jini, da jiri ko suma. Idan gudan ya faɗa jijiyar ƙwaƙwalwa, baki kan karkace, magana ta harɗe, ɓarin jiki ya shanye. Kowace daga cikin waɗannan alamomi ta zuwa asibiti ce a ranar, kuma asibiti mai na'urar sikanin, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jiha da ke Gombe, domin da hoton jijiya ake tabbatar da ciwon.

Maganinsa sananne ne. Akan fara da allurar hefarin ko ƙwayoyi irin su ribaroksaban da afiksaban, ko kuma warfarin, wanda ke buƙatar gwajin jini a kai a kai kuma ba a ba mai ciki. Akan sha maganin aƙalla wata uku. Dukkansu suna iya haddasa zubar jini, musamman idan an haɗa su da magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da ake saye a kemis. Game da shan su don rigakafi kuwa, gwajin da aka yi a Amurka a 2021 a kan masu jinyar korona a gida bai nuna wani amfani ga asfirin ko afiksaban ba. Saboda haka ba a ba wanda korona ta zo masa da sauƙi shawarar ya sha su da kansa. Abin da ake so gare shi shi ne ya riƙa tashi yana takawa ko da a tsakar gida ne, ya sha ruwa isasshe, ya jinkirta doguwar tafiya idan da hali, in kuwa ta zama dole ya riƙa motsa ƙafafu yana sauka duk inda mota ta tsaya.

7.0 Matsalar Kalmomi

Bayanin da ya gabata ba zai isa ga jama'a ba sai ta bakin mai fassara, ko ma'aikacin jinya ne ko ɗan jarida. A nan akwai kalmomi biyar da ke buƙatar kulawa.

7.1 Sunan Cutar

Sunayen da kafofin Hausa suka ba cutar a 2020 sun haɗa da cutar numfashi, da sarƙewar numfashi, da murar mashaƙo. Dukkansu sun ɗaure ta a maƙogwaro da ƙirji, ta yadda mai sauraro ba zai alaƙanta ta da kumburin ƙafa ba. Bugu da ƙari, tun ɓarkewar cutar maƙogwaro ta yara a Kano a 2023, kalmar mashaƙo ta fi karkata ga waccan cuta. Ararriyar kalmar korona ta fi dacewa, domin ba ta keɓe wani sashen jiki ba.

7.2 Sauƙi

Idan likita ya ce cutar ta zo da sauƙi, abin da yake nufi shi ne numfashi bai taɓu har a buƙaci iskar asibiti ko kwanciya ba. A Hausa kuwa sauƙi yana da faɗi. Ana tambayar majiyyaci, "Yaya jiki?" ya amsa, "Da sauƙi," ko da yana cikin matsanancin hali, domin amsar ta ladabi ce da godiya ga Allah. Ana kuma cewa wane ya samu sauƙi da nufin ya warke. Don haka korona mai sauƙi za ta iya zama wa mai sauraro cutar da ta wuce ba ta bar komai ba. Ya fi kyau a ce korona da aka yi jinyarta a gida. Haka nan ma'aikacin lafiya kada ya tsaya ga amsar "da sauƙi", ya tambayi ƙafa da numfashi ɗaya bayan ɗaya.

7.3 Jijiya

Kalma ɗaya ce Hausa ke amfani da ita ga hanyar da ke kai jini, da wadda ke dawo da shi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke haɗa nama da ƙashi. Idan aka ce wa mutum ciwon jijiya ne, abin da ya saba yi shi ne a ja wurin ko a murza shi da man zafi. Wannan yana iya amfani ga jijiyar da ta hau, amma ga mai gudan jini haɗari ne, domin murza na iya ɓalle gudan ya tafi huhu. Ana ba da shawarar a riƙa bambancewa kamar haka:

(1) jijiyar kai jini
(2) jijiyar dawo da jini
(3) jijiyar saƙo
(4) jijiyar nama

7.4 Mataccen Jini

A maganin gargajiya akwai fahimtar cewa jini kan kwanta ko ya mutu a wani sashen jiki, wanzami ya yi ƙaho ya fitar da shi. Idan aka fassara larurar nan da mataccen jini ko kwantaccen jini, an riga an nuna wa majiyyaci ƙofar wanzami. Jinin da ƙaho ke fitarwa na ƙananan hanyoyin fata ne, kuma a waje yake daskarewa bayan ya fito. Gudan da ake magana yana can cikin nama inda aska ba ta kai. Ga wanda ya fara shan maganin asibiti kuma, tsaga tana iya jawo zubar jinin da zai yi wuyar tsayawa. Gudan jini a jijiya da toshewar jijiyar huhu sun fi aminci. Tun da yake wanzamai da masu ɗori ne kan fara ganin kumburarriyar ƙafa a unguwanni da ƙauyuka, sun cancanci a sanar da su alamomin domin su tura mai ita asibiti.

7.5 Tsinka Jini

An saba cewa maganin tsinka jini, kamar dai jinin ya yi kauri ne a sirka shi. Magungunan ba sa rage kaurin jini, jinkirta daskarewarsa suke yi, su hana gudan girma har jiki ya narkar da shi da kansa. Illar kalmar ita ce tana sa a ɗauka duk abin da aka ce yana tsinka jini, kamar tafarnuwa ko citta ko asfirin, zai iya maye gurbin maganin. Maganin hana daskarewar jini ya fi tsawo, amma ya faɗi aikin yadda yake.

Idan aka haɗa waɗannan shawarwari, sanarwar rediyo za ta iya zama kamar haka:

(5) Duk wanda ya tashi daga korona ko zazzaɓi mai tari, in ya ga ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko haki ya zo masa farat ɗaya, kada a murza, kada a yi ƙaho. A kai shi babban asibiti a ranar, a kuma gaya wa likita yaushe ya yi zazzaɓin.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa korona, ko da ba ta kwantar da mutum a asibiti ba, tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, musamman a kwana 30 na farko, kuma haɗarin yana sauka a hankali cikin watanni. Ga mutum ɗaya haɗarin ƙarami ne, rigakafi kuma ya ƙara rage shi, amma yana girma idan ya haɗu da tsufa ko jego ko sikila ko doguwar tafiya. Binciken gida-gida na 2020 ya tabbatar da cewa galibin waɗanda suka kamu a Gombe ba su san sun kamu ba, don haka sanin alamomin ya fi jiran sakamakon gwaji amfani. An kuma ga cewa kalmomin sauƙi da jijiya da mataccen jini da tsinka jini suna iya sauya ma'anar saƙon likita kafin ya kai ga majiyyaci. Daidaita irin waɗannan kalmomi aiki ne da ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu su yi tare da likitoci da masu aikin rediyo, a kuma faɗaɗa shi zuwa Fulfulde da Tangale da Tera da sauran harsunan jihar, domin larurar gudan jini ta girmi korona, kuma kalmomin da aka tsayar yanzu za su ci gaba da amfani a ɗakin haihuwa da na tiyata.